Injin a-kori-kurarka ya gaji: garambawul za ka yi ko Beljiyam za ka ɗora?

Wata Lahadi da la'asar muna dawowa daga kasuwar Mai'adua da lodin gero, ni da yarona, tsohuwar Hilux ɗina mai injin 3RZ ta fara wani wari kamar ana ƙona roba, kafin in gangara gefen titi tururi ya turnuƙe gaban gilashi. Allurar zafi ta daɗe da mutuwa, kullum ina cewa gobe zan gyara, toh ga goben ta zo. Tiyon lagireto ne ya fashe, ruwa ya tsiyaye tas ban sani ba, kuma don ƙarin wauta muka ɗauko jarka muka sheƙa ma inji ruwan sanyi yana tsakiyar zafi. Da aka jawo ta cikin Daura bakanike ko minti biyar bai yi a kanta ba ya ce mani, Alhaji ai gaskit ne da ringi, kwana biyu ka ɗauki motarka. Na biya. Bayan wata biyu ta koma shan baƙin mai, aka sake buɗewa na sake biya, sai a karo na uku ne wani dattijon bakanike ya sa aka kai bulok ɗin aka auna, ashe ramukan fistin sun buɗe tun tuni, duk ringin da muke sawa asarar kuɗi ne kawai. Abin da na kashe a gyara biyun farko da na haɗa shi wuri ɗaya da ya kai ni nesa a kuɗin wani injin.

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni yanzu wai gyara ya fi ko canjin inji, wato a ɗora Beljiyam, injin hannu da aka riga aka yi aiki da shi a wata motar, sai in ce mashi ni ban sani ba, bakanikenka ma bai sani ba, sai an auna. Ga yadda nake bi da abin, ɗaya bayan ɗaya.

Da farko ka manta da injin, ka dubi motar

Na san abin zai ba ka mamaki amma nan ake farawa. Ka sa a hau da ita kan rami ko ka shimfiɗa buhu ka shiga ƙarƙashi da tocila, ka bi shasi tun daga gaba har baya, musamman wajen da sifirin na baya yake kamawa, don mu nan lodin da muke ɗora ma motocin nan ya wuce abin da kamfani ya ce nesa ba kusa ba, kuma nan ne shasi ke fara tsagewa. In ka ga walda kan walda, faci kan faci, ka tsaya ka yi tunani. Ka tuna yadda giya take shiga, tana fita da kanta ko tana kuka, aksul na baya yana gurnani in ka saki totur, sitiyari, burki, bodi. Motar da giyabos ɗinta ke hanyar mutuwa kuma shasinta ya sha walda, in ka ɗora mata lafiyayyen inji wallahi injin ne zai ƙarasa sauran, don ƙarfin da ta daɗe ba ta ji ba zai dawo. Irin wannan gara ka yi mata gyaran da za ta tashi ka sayar, ka faɗa ma mai saye gaskiyar abin da ke akwai, ka cika kuɗi ka nemi wata. In kuwa ƙarƙashinta garau yake toh ta cancanci a kashe mata, sai mu wuce gaba.

Na biyu, me injin ke faɗa maka

Inji ba ya mutuwa bai yi magana ba, mu ne ba mu saurare. Ka tada motar da safe tana sanyi, kai ka tsaya a baya wajen salansa wani ya tada. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Amma a nan mutane ke yin kuskure, in da safe ne kawai ya yi buf sau ɗaya sannan ya washe, galibi robobin bawul ne suka bushe, mai ke zirara cikin dare, wannan aikin tof silinda ne kaɗai, wato kan injin da bawul ke ciki, ba sai an taɓa ƙasa ba. In kuwa shuɗin ba ya ɗaukewa, kuma ya fi yawa in ka taka ko kana hawan tudu da kaya, wannan ringi ne ko ramin fistin. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ƙarewa bayan mota ta yi zafi, ga ruwan lagireto na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ruwa ne ke shiga wuta, gaskit ko tof ya tsage. Baƙin hayaƙi kuma yawanci ba gajiyar inji ba ce sam, fetur ko dizal ne ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, kafireto, nozul, ko filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe. Na ga wanda ya kusa sauke lafiyayyen injin dizal 5L saboda baƙin hayaƙi, ashe nozul ne kawai. Masu dizal mai tabo irin 2KD su ma su lura, tabo, wato na'urar da ke cusa ma inji ƙarin iska, in ya lalace yana tura baƙin mai cikin inji ya yi shuɗin hayaƙi alhali fistin lafiya lau.

Sai ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai mota na silo, wato tana kunne ba a taka totur ba. Ɗan huci kaɗan ba komai, amma in yana fuf-fuf-fuf kamar tukunyar dambu har yana watso maka mai a hannu, wuta na wucewa ta gefen ringi. Ka zaro sandar awon mai ka duba, in man ya koma kalar shayi da madara ruwa ya haɗu da shi. Masu tsohon injin 22R ga wani sirri, sarƙar tayimin in robobin da ke riƙe ta suka cinye tana gogar murfin gaba har ta huda hanyar ruwa, sai ka ga mai ya yi madara kowa ya ce gaskit, a canza gaskit sau biyu abu bai daina ba. In motarka na yin ƙarar sarƙa kacau-kacau da safe ka sa a duba nan tukuna.

Ƙara ita ma iri-iri ce. Cak-cak-cak siriri daga sama, bawul ne, sau da yawa saiti kawai yake so. Amma ƙwal-ƙwal mai nauyi daga ƙasa, wadda ke ƙaruwa in ka taka totur, ga fitilar mai tana ƙyaftawa a silo in mota ta yi zafi, wannan metal ne, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, kuma dan Allah in ka ji wannan ka kashe motar a inda take ka nemi a jawo ta. Kar ka ce bari in lallaɓa in kai Mashi ko in ƙarasa Katsina. Tsakanin injin da metal ɗinsa ya fara ƙara da injin da konrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ya fasa bulok ya leƙo waje wani lokaci kilomita kaɗan ne, na farko yana gyaruwa, na biyun sai 'yan gwangwan.

Ka kuma riƙe lissafin man da take sha, ba wai a ce tana sha ba, nawa take sha. Cika shi daidai layi, ka rubuta, ka yi zuwa Kano ta Kazaure ka dawo, ka sake dubawa a wuri mai daidai. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare ka gani ko zuba yake, don mai da ke ɗiga ta sil ɗin karanshaf ba shan mai ba ne, sil ne na kuɗi kaɗan.

Na uku, awo, kuma nan ne yawancinmu ke tsallakewa

Akwai geji da ake auna ƙarfin matsin kowace silinda, kwamfireshan kenan. Ba kowane gareji ke da shi ba, amma ka nema, in ta kama ka saya naka ka aje, bai kai kuɗin juyen baƙin mai biyu ba. Yadda ake yi a injin fetur: mota ta yi zafi, a cire fulogi duka huɗu, a cire wutar koyil da fis na famfon fetur don kar ta kama, a taka totur har ƙasa, a ɗaura gejin a ramin fulogi na ɗaya a murza ki injin ya juya sau biyar ko shida, a rubuta, haka har na huɗu. Injinan fetur na Hilux irin 22R da 3RZ da 2TR in lafiyayyu ne za ka ga wajen 170 zuwa 180 a ma'aunin psi, in ya sauka ƙasa da 130 ya gaji, kuma bambancin silinda da 'yar uwarta bai kamata ya wuce kamar 14 ba. Wadda ta yi ƙasa sai a zuba mata baƙin mai kamar cokali ɗaya ta ramin fulogi a sake aunawa. In allura ta ɗaga sosai, ringi ne ko rami, don man ya toshe gefen na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, matsalar a sama take, bawul ko gaskit. In biyu da ke maƙwabtaka suka yi ƙasa tare, gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu. Ka ga da cokalin mai ɗaya ka raba aikin sama da aikin ƙasa, kuma tsakanin kuɗin biyun akwai tafiya. Dizal gejinsa daban ne don matsinsa ya ninka na fetur fiye da sau biyu, kuma shi gara kar a zuba mashi mai a silinda, yana iya kamawa da man ya yi ɓarna.

Awo na biyu ƙarfin baƙin mai ne. A cire suwic ɗin fitilar mai a ɗaura geji na gaske, mota ta yi zafi sosai. Ƙa'idar da kanikawa ke bi da ka ita ce wajen psi 10 a kowane juyi dubu na inji a minti, wato in ka taka ya kai 3000 ka ga 30 ko sama. In da sanyi yana sama amma da zafi ya faɗi warwas, metal sun buɗe ko famfon mai ya gaji. Kuma maganar a zuba mai mai kauri ko wani ruwan gwangwani da ake cewa yana gyara inji, rufa-rufa ce, yana ɓoye ƙarar ne kawai.

Na huɗu, me ya kashe shi

Ruwa ba ya tsami banza. In ba ka gano abin da ya kashe wannan injin ba, duk wanda ka ɗora shi ma zai bi sahu, ko daga kwali ka ciro shi. A ƙasarmu abu uku ne suka fi cin inji: zafi, ƙura, da mugun mai. Zafin Afrilu da Mayu a hanyar Kongolam ko Jibiya ba wasa ba ne, ga lodi, ga lagireton da ruwan rijiya ya cika da gishiri da tsatsa har rabin layukansa sun toshe. Sannan ga al'adar nan ta cire tamostat, bawul ɗin da ke tsare ruwa sai inji ya yi zafi, a jefar, wai ƙasarmu da zafi ba a buƙatarsa. Ni dai ban yarda da ita ba, injin da ba tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba da safe musamman da hunturu, yana shan mai, kuma cire shi ba ya gyara toshasshen lagireto, ɓoye ciwon yake. Ƙura kuwa, ka cire tiyon da ya taso daga filtar iska ka shafa yatsa a ciki, in ka ji yashi-yashi toh injinka ya daɗe yana cin ƙasa, ita ce ke goge ringi da rami kamar sanfefa. Filtar da aka yi ta hurawa da iskar mai faci har ta huje ba filta ba ce. Mai kuma kowa ya san akwai na jabu a cikin galan mai kyau, ga wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi, ga jinkirin juye. Ka rubuta duk wanda ya shafe ka cikin waɗannan, don kuɗin gyaransa zai shiga lissafi ko wace hanya ka bi.

Na biyar, a buɗe, amma da sharaɗi

In awo ya nuna aikin sama ne, shikenan magana ta ƙare, gyara za ka yi, ba mai canza inji saboda gaskit. Sai dai ka tabbatar an kai tof ɗin an ɗora mashi ƙarfen awo an ga ko ya lanƙwashe, don tof ɗin 22R da 3RZ da 2TR na alminiyam ne, zafi ɗaya mai kyau ya isa ya karkatar da shi, a duba tsaga tsakanin bawul, in ya karkace kaɗan a share fuskar, in ya tsage a nemi wani. Tof ɗin da aka sha sharewa shi ma yana da iyaka.

In aikin ƙasa ne, kafin a kwance ƙusa ɗaya ka zauna da bakanike ku yi magana. Ni ga abin da nake cewa: Malam, kuɗin saukewa da buɗewa daban, zan biya ko an gyara ko ba a gyara ba, kuma ba za a sayi ko wosha ba sai an kai bulok da karanshaf wajen masu ribo, wato masu faɗaɗa ramin fistin da na'ura, sun auna na gani da idona. Wannan maganar tana cire mashi kwaɗayin ya ce a gyara dole, kai ma tana cire ka daga tarkon an riga an buɗe ai sai a ƙarasa. Kuma ka je da kanka, zuwa da kai ya fi aike.

Ga abin da za ka tambaya a can. Ramin fistin sitanda yake ko an taɓa yi mashi ribo? Ka sa farce a bakin ramin daga sama, in ka ji gaɓa ta kama farcenka ya ci sosai. Dattijon nan da na faɗa maku ya kama yatsana ya ɗora a wurin ya ce, Alhaji taɓa ka ji, wannan ko ringin zinari ka sa ba zai riƙe ba. Bulok da yake sitanda ana iya yi mashi ribo a sa fistin mai girma, galibi milimita 0.50, ya dawo kamar sabo. Wanda ya ƙure ribo sai silib, wato bututun ƙarfe da ake zurawa a ramin ya zama sabon rami, kuma silib aikin gwani ne, in aka samu wanda bai iya ba gyaran gangar Auzinawa za a yi maka. A nan masu tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, suka fi mu morewa, don injinta silib ɗinsa na cirewa ne tun daga kamfani, ka sayi saitin fistin da silib a zura, shi ya sa har yau ba su ƙare a hanyoyin ƙauye ba.

Karanshaf shi ma haka, sitanda ne ko an yanka? Yankan farko shi ne 010, wato 0.25 a milimita, na biyu 020. Wanda bai taɓa yankuwa ba ko sau ɗaya aka yanka, kuma bai yi shuɗi don zafi ba, bai tsage ba, yana da sauran rai. Wanda aka yi ma ciko da walda aka sake yankawa ni ba na sa shi a motar lodi. A duba konrod ko ya lanƙwashe, a duba mazaunin metal a bulok ko metal ya taɓa juyawa a ciki ya cinye wurin.

Hukuncin a nan yake fitowa da kansa. Bulok lafiya, karanshaf lafiya ko yankan farko, tof lafiya, toh garambawul, kuma wannan kalmar da 'yan jarida ke ara in gwamna ya sauya kwamishinoni ai asalinta ta gareji ce. In biyu cikin ukun nan sun tafi, ka fara neman inji. In bulok da karanshaf ne suka mutu amma tof da sauran kayan jikinsa garau, akwai hanya ta tsakiya, hafin inji, wato ƙasan kaɗai ka saya a ɗora kayanka a kai.

Na shida, lissafi a takarda

Ba zan faɗi farashi ba don tun 2023 da aka cire tallafin mai aka saki naira, kuɗin da aka faɗa maka wancan satin ba shi ne na yau ba. Ka kira mutum uku a rana ɗaya, ɗaya a Katsina, biyu a Ƙofar Ruwa a Kano, in kana da wani a Ladipo a Legas shi ma ka ji. Ka raba takarda biyu. Gefen gyara: fistin, ringi, metal na sama da na ƙasa, cikakken saitin gaskit da sil, famfon mai, sarƙa ko bel na tayimin, kuɗin ribo da yanka, aikin tof, kuɗin hannu, mai da filta sau biyu, sannan ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai don wallahi sai wani abu ya ɓullo. Kuma farashin kaya masu kyau za ka rubuta, don kaya hawa-hawa ne, akwai na asali akwai mai bi mashi akwai wanda kwalin ne kawai mai kyau, araha ba ta ado a cikin inji. Gefen Beljiyam: kuɗin inji, kuɗin motar da za ta kawo shi, kuɗin zuwanka da bakanike da abincinku, ɗorawa, da kayan da dole ka canza kafin a ɗora.

Sai abin da ba a rubutawa, kwanakin da mota za ta yi a kwance. Canjin inji in komai ya zo daidai kwana biyu zuwa uku ne, garambawul kuwa da zuwa wajen ribo da jiran kaya da bakanike ya tafi ɗaurin aure, sati biyu ba abin mamaki ba ne. In lokacin kaka ne ko gab da babbar salla ana jigilar raguna, kowace rana kuɗi ce, ka ninka abin da take kawo maka a rana ka sa a gefen gyara. In damina ce aiki ya yi sanyi, jiran ba zai yi maka ciwo ba.

Ra'ayina, kuma ra'ayi ne ba doka ba: in gyara na gaskiya bai wuce rabin kuɗin Beljiyam ba kuma ina da bakaniken da na yarda da hannunsa, gyara nake, don na san abin da ke cikin injina, shi kuwa Beljiyam ban san wanda ya hau shi ba. In ya haura kashi biyu cikin uku, inji nake nema. Tsofaffin injina irin 22R da 3L da 5L sun fi karɓar gyara, kuma Beljiyam ɗinsu ma ai ya tsufa, shekarunsa nawa da daina fitowa a yawancin ƙasashe, sau da yawa abin da za a sayar maka an taɓa buɗe shi. Sababbi masu birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, da nozul na lantarki irin 2KD kuwa suna son hannu mai tsabta da kayan awo, in babu mai yi maka haka kusa, lafiyayyen inji ya fi kwanciyar hankali.

In garambawul ɗin ne, abu uku ka tsaya a kai: a wanke bulok da hanyoyin mai tas bayan ribo, a haɗa a wuri mai tsabta ba a kan yashi iska na kaɗawa ba, kuma a ɗaure tof da sifana mai awo bi da bi yadda littafi ya ce, ba da bututu a ƙara ma sifana a ce hannu ya san daidai ba. A dizal gaskit ɗin tof ma kauri-kauri ne, ana zaɓa ne da yadda fistin ya leƙo, ka tambaya ka ji ko ya sani.

Na bakwai, in Beljiyam ɗin ne

Sunan ne kawai Beljiyam, wani daga Japan yake wani Dubai wani Amurka, wani kuwa daga nan cikin gida, an wanke da fetur an fesa fenti. Ba a cinikin biri a sama, kar ka tura kuɗi don hoton WhatsApp, ka ɗauki bakanikenka ku tafi, kuma ka biya shi kuɗin ranarsa da kyau don kar ya nemi kamasho a wancan gefen. Injin da ya yi ƙal fiye da kima ni tsoro yake ba ni, na fi son mai tsohuwar ƙurarsa. Ka bi bakin kwanon mai da murfin gaba, in ka ga sabon gam ya fito, an buɗe. Ka dubi kan ƙusoshin tof ko sifana ta taɓa su. Ka leƙa ta murfin mai da tocila, in ciki ruwan zuma ne madalla, in baƙin kwalta ne ya daskare ka wuce. A cire fulogi a jera su, su zama kala ɗaya, wanda ya jiƙe da mai ko ya yi fari tas kamar an wanke yana ba da labari. A sa sifana a juya karanshaf zagaye biyu cikakku, ka ji yana tauri yana saki daidai ba inda ya cije. Ka leƙa hanyar ruwa ko tsatsa ta cinye. In mai kaya ya yarda a cire kwanon mai a gabanka ka ga ko akwai garin ƙarfe mai ƙyalli, wannan ya fi komai. Masu kafireto da dizal na da ana iya tada su a ƙasa da batir da galan, ka nemi a tada.

Ka tabbatar irin naka ne sak. Lamba ɗaya ba ta nufin komai ɗaya, 3RZ ko 2TR ko 5L da aka ciro daga Hiace kwanon mai da wasu kayan jikinsa sun bambanta da na Hilux, ana iya mayar da naka a kai amma ka sani tun a kasuwa, shi ya sa ba a sayar da tsohon inji sai sabon ya tashi. Masu birenbos su dubi soket da wayarin. Maganar a cire dizal a sa fetur ko a sa injin wata mota daban kuwa, ana yi, amma aiki ne na daban da zai taɓa giyabos da wayarin da mazaunin inji, kar wani ya ce maka ɗorawa ce kawai.

Garanti a rubuce, kwana nawa, kuma daga ranar da aka ɗora zai fara ko daga ranar saye, don in daga ranar saye ne kafin ka iso Daura a ɗora rabi ya tafi. Da yawa suna shafa fenti a ƙusoshi, in ka buɗe garanti ya faɗi, toh ka ja ma bakanike kunne. Rasit ya ɗauki lambar injin da sunan shago, ka duba lambar a jikin bulok da idonka ka ga ba a goge ta ba.

Kafin a zura shi, tunda yana ƙasa, a canza sil ɗin karanshaf na baya, a duba faifan kuloci, famfon ruwa, tamostat, in 3L ne ko 5L ko 2KD a sa sabon bel na tayimin ko da na jiki ya yi kyau a ido, don ba ka san shekarunsa ba kuma in ya tsinke fistin da bawul ne za su gaisa. Lagireto a kai a buɗe a wanke ko a canza, tiyo duka, sabuwar filtar iska, a gyara allurar zafi, ni shaida ne.

Bayan mota ta tashi

Wanda ya yi garambawul ya yi haƙuri da kilomita 1000 na farko, rabin lodi, ba gudu, ba barinta tana silo awa guda, ba jan giya babba a tudu, a juye mai da filta tun wajen 500 don garin ƙarfen da sababbin kaya ke saki. Mai Beljiyam kuwa akasin haka, cikin kwanakin garanti ka sa ta aiki na gaske, ka ɗora kaya ka yi Katsina ka dawo, kana duba ruwa da mai kowace safiya, in akwai aibu ya fito yanzu. Sai takardu, lambar inji tana cikin takardun mota, ka ɗauki rasit ka je ofishin lasin a gyara, ka aje kwafi a mota don masu binciken hanya. Tsohon injin in wa'adin garanti ya wuce ka cire sitata da altaneta da kafireto ko famfon dizal da tof in yana da kyau ka aje, sauran ka sayar. Nawa tof ɗin yana nan a zaure cikin buhu, na shafe shi da baƙin mai, har an zo saye sau biyu na hana.